Herbert Simon (1916–2001): Rayuwarsa da Bincikensa a kan Basirar Zayyana a Kasuwanci da Ilimi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Herbert Alexander Simon, masani ɗan ƙasar Amurka wanda ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a shekarar 1978. Da yake ayyukansa sun ratsa fannoni da dama, maƙalar ta taƙaita ga ƙoƙarinsa na mayar da basirar zayyana abin da za a iya nazarta a jami'a, a kuma koyar da shi. An nuna inda wannan tunani ya samo asali, da hanyoyin da ya bi wajen gwada shi, da yadda makarantar kasuwancin da ya taimaka aka kafa ta juya wa manufar baya tun yana raye.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci kalmar zayyana, abin da yakan fara zuwa a ran Bahaushe shi ne adon da magini yake yi wa fuskar soro, ko wanda maɗinki yake yi wa gaban riga. A wannan maƙala an faɗaɗa ma'anar kalmar domin ta ƙunshi duk wani aiki na tsara abin da babu shi tukuna, da nufin fitar da al'amari daga halin da yake ciki zuwa halin da aka fi so. Da wannan ma'ana, injiniyan da ke tsara gada, da likitan da ke tsara wa majiyyaci magani, da manajan da ke tsara sabon sashe a kamfani, da malamin da ke tsara manhaja, duk aiki iri ɗaya suke yi a ƙwaƙwalwa. Simon ne ya fi kowa fito da wannan fahimta fili a ƙarni na 20. Tambayar da ya bari ita ce: shin wannan basira baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, ko kuwa ilimi ce mai ƙa'idoji da jami'a za ta iya bincika ta koyar? Amsar tana da nauyi, domin a kanta ne hujjar wanzuwar makarantun sana'a a cikin jami'o'i ta rataya.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Simon ranar 15 ga watan Yuni, 1916, a birnin Milwaukee da ke jihar Wisconsin. Mahaifinsa, Arthur Simon, injiniyan lantarki ne da ya yi karatu a Darmstadt ta ƙasar Jamus, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1903, ya kuma yi rajistar na'urori da dama da ya ƙirƙira. Mahaifiyarsa, Edna Merkel, gwanar kaɗa fiyano ce. Yaron ya tashi ke nan a gidan da zana na'ura a takarda kafin a ƙera ta ya zama abin yau da gobe.

Wanda ya karkata shi ga nazarin al'umma kawunsa ne, Harold Merkel, wanda ya karanci tattalin arziki a Jami'ar Wisconsin a hannun John R. Commons. Harold ya rasu da ƙuruciya, amma littattafansa sun zauna a gidan. Daga cikinsu ne Simon ya fara gane cewa ana iya nazartar halayyar mutane da irin tsanakin da ake nazartar duwatsu da taurari.

3.0 Shikago da Filayen Wasan Milwaukee

A 1933 ya shiga Jami'ar Shikago, inda ya karanci kimiyyar siyasa. Ya ɗauki darussa a wurin Henry Schultz masanin ƙididdigar tattalin arziki, da Rudolf Carnap masanin manɗiƙi, da Nicolas Rashevsky mai amfani da lissafi a nazarin halittu. Ya kammala digirin farko a 1936.

Wani ɗan aikin aji da ya yi a 1935 shi ne ya zama tushen kusan duk abin da ya biyo baya. Ya nazarci yadda ake tafiyar da filayen wasan yara na garinsu, waɗanda hukumar makarantu da sashen ayyuka na birni suke kula da su tare. Shugabannin ɓangarorin biyu sun yarda da manufa ɗaya, amma kullum suna saɓani a kan kasafi. Na sashen ayyuka yana son a zuba kuɗin a gyaran filaye, na makarantu kuwa yana son a ɗauki ƙarin masu lura da yara. Littattafan tattalin arziki sun koya wa Simon cewa mai hankali zai auna amfanin kowace dala a nan da can, ya daidaita. Da ya duba, sai ya tarar babu wanda ke yin wannan awo, kuma babu ma'aunin da za a yi shi da shi. Kowannensu yana kallon matsalar ne ta tagar ofishinsa.

Bayan kammala karatu ya yi aiki da Clarence Ridley a ƙungiyar manajojin birane, suka wallafa littafi a 1938 a kan yadda za a auna ayyukan hukumomin birni. A ranar Kirsimeti ta 1937 ya auri Dorothea Pye, suka haifi 'ya'ya uku. Daga 1939 zuwa 1942 ya jagoranci wani rukunin bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sannan ya sami digirin digirgir daga Shikago a 1943.

4.0 Karin Maganar Masu Gudanarwa

Daga 1942 zuwa 1949 ya koyar a Cibiyar Fasaha ta Illinois, makarantar injiniyoyi inda shahararren mai zanen gine-gine Mies van der Rohe yake shugabantar sashen zanen gini. A nan ne ya fara cuɗanya ta kusa da ɗaliban da zayyana ce sana'arsu.

A 1946 ya fitar da wata maƙala mai suna The Proverbs of Administration, inda ya kamanta ƙa'idojin gudanarwa da ake koyarwa a lokacin da karin magana, ta fuskar cewa kusan kowacce tana da kishiya wadda ita ma ake ganin gaskiyarta. Misali, wata ƙa'ida ta ce kada shugaba ya riƙe mutane da yawa a ƙarƙashinsa, wata kuma ta ce a rage matakan da ke tsakanin babba da ƙarami. Duk wanda ya bi ta farko dole ya saɓa wa ta biyu, kuma babu abin da ke gaya wa manaja lokacin da zai ɗauki wannan ya ajiye waccan. Littafinsa Administrative Behavior, wanda ya fito a 1947, ya kawo mafita: a mayar da yanke shawara cibiyar nazarin ƙungiya.

Daga nan ne ya gina ra'insa na iyakantaccen hankali. Ɗan'adam ba ya da cikakken bayani, ba ya da isasshen lokaci, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta iya lissafa sakamakon kowace hanya. Don haka ba ya neman mafi kyawun zaɓi a duniya. Yakan sa wa kansa mizani, ya yi ta nema har ya ci karo da abin da ya kai mizanin, sai ya tsaya. Maƙalunsa biyu na 1955 da 1956 sun shimfiɗa wannan ra'i. Alaƙarsa da zayyana a fili take. In dai hanyoyin ba a jere suke a gaban mutum ba, to sai ya nemo su ko ya ƙirƙiro su kafin ya zaɓa, kuma wannan ƙirƙira ita ce zayyana.

5.0 Sabuwar Makarantar Kasuwanci

A 1949 attajirin man fetur William Larimer Mellon ya ba Cibiyar Fasaha ta Carnegie da ke Pittsburgh dala miliyan 6 domin a kafa makarantar gudanar da masana'antu ta masu digiri na biyu. Simon ya koma can, inda shi da George Leland Bach da William Cooper suka zama ginshiƙanta. A wancan zamani makarantun kasuwanci ba su da daraja a idon sauran malaman jami'a, ana ganin labaran tsofaffin manajoji kawai ake maimaitawa a cikinsu. Mutanen Carnegie suka ƙudura gina karatun a kan lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki da nazarin halayyar ɗan'adam.

Gwajin ya yi nasara. A 1959 aka fitar da rahotanni biyu a kan ilimin kasuwanci a Amurka, na Gordon da Howell wanda Gidauniyar Ford ta ɗauki nauyi, da na Pierson wanda gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi. Dukkansu sun nemi a ƙara ƙarfin kimiyya a waɗannan makarantu, kuma tsarin Pittsburgh ya zama abin koyi. A wannan tsakani Simon ya wallafa Organizations tare da James March a 1958. A littafinsa na 1960, The New Science of Management Decision, ya kasa aikin manaja gida uku: gano inda ake bukatar shawara, zayyana hanyoyin da za a iya bi, sannan zaɓen ɗaya daga ciki. Ya lura cewa matakin tsakiya yana cin lokacin manaja fiye da na ƙarshe nesa ba kusa ba, alhali na ƙarshen ne masana suka fi yi wa ra'i.

6.0 Kwamfuta a Matsayin Madubin Tunani

A 1952 ya haɗu da Allen Newell a cibiyar bincike ta RAND da ke Kalifoniya. Su biyun, tare da Cliff Shaw, suka fahimci cewa kwamfuta tana iya sarrafa alamomi kamar yadda take sarrafa lambobi, don haka za a iya amfani da ita a kwaikwayi matakan tunani. A ƙarshen 1955 suka tsara manhajar Logic Theorist. Kafin a ɗora ta a na'ura, Simon ya tara matarsa da 'ya'yansa da wasu ɗalibai, ya ba kowa kati mai ɗauke da umarnin wani sashe na manhajar, suka gudanar da ita da hannu. Daga baya manhajar ta tabbatar da 38 daga cikin ƙa'idoji 52 na farko a babi na biyu na Principia Mathematica, littafin Whitehead da Russell. Ana lissafa ta cikin manhajojin farko na ƙirƙirarriyar basira.

Abin da ya fi shafar nazarin zayyana shi ne dabarar binciken da suka inganta. Sukan ba mutum matsala, su nemi ya riƙa faɗin abin da ke zuwa masa a rai yayin da yake warware ta, su naɗi muryarsa, su rubuta, sannan su feɗe rubutun jimla bayan jimla. Littafin Human Problem Solving na 1972 ya tattara wannan aiki, sannan a 1984 Simon da Anders Ericsson suka fitar da littafi sukutum a kan dabarar. Tun a ƙarshen shekarun 1960 Charles Eastman ya yi amfani da ita a Carnegie, inda ya sa masu zane su sake tsara banɗaki suna magana. Wannan yana cikin gwaje-gwajen farko da aka yi a kan yadda mai zayyana yake tunani.

Haka kuma, a 1973 shi da William Chase sun nazarci gwanayen wasan ces, darar Turawa. An nuna wa gwani allon wasa na daƙiƙa 5, ya mayar da mafi yawan 'ya'yan inda suke. Da aka warwatsa 'ya'yan barkatai, sai fifikonsa a kan ɗan koyo ya kusan gushewa. Ma'ana, abin da ake kira ilhamar gwani tarin siffofi ne da ya saba gani, waɗanda Simon ya ƙiyasta sun kai kimanin 50,000, kuma tara su yakan ɗauki kusan shekara 10. In haka ne, gwaninta tana da hanyar da ake bi a kai gare ta.

7.0 Kimiyyar Zayyana

A 1968 ya gabatar da jerin laccoci a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, waɗanda suka zama littafin The Sciences of the Artificial a 1969. An sake buga shi da ƙari a 1981 da 1996. A cikinsa ya raba ilimi biyu. Kimiyyar halitta tana bayanin yadda abubuwa suke. Ilimin abubuwan da ɗan'adam ya ƙaga kuwa yana magana a kan yadda ya kamata su kasance domin su biya wata bukata. Kowane ƙirƙirarren abu, agogo ne ko kamfani, mahaɗa ce tsakanin abin da ke cikinsa da yanayin da zai yi aiki a ciki, kuma aikin mai zayyana shi ne daidaita waɗannan biyun.

Ya shigar da wani misali da ya fara kawowa a 1962, na maƙeran agogo biyu. Kowane agogo yana da sassa 1,000. Na farko yana harhaɗa su a zama ɗaya, don haka duk lokacin da mai saye ya kira shi a waya ya ajiye aikin, sai komai ya wargaje. Na biyu yana haɗa goma-goma su zama gungu mai tsayuwa da kansa, sannan ya haɗa gungu goma su zama babba. Na biyun ya bunƙasa, na farkon ya karye. Darasin shi ne, abu mai sarƙaƙiya yakan samu ne idan an gina shi hawa-hawa.

Sai kuma ya juya kan jami'o'i da zargi mai zafi. A ganinsa zayyana ce zuciyar kowace sana'a, ita ce ta bambanta makarantun sana'a da tsangayoyin kimiyya. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don neman girma a idon takwarorinsu, makarantun injiniya sun koma koyar da fiziya da lissafi, na likitanci sun koma nazarin halittu, na kasuwanci sun koma lissafi. Bai ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin yadda ake koyar da zayyana a da bai wuce a ce yi kaza ka ƙara kaza ba. Maganin da ya kawo shi ne a gina mata ilimi mai ƙarfi. Ya zana manhaja wadda ta ƙunshi hanyoyin auna zaɓi, da dabarun neman mafita, da yadda za a raba lokaci da kuɗi a wajen nema, da tsarin hawa-hawa, da yadda sauya siffar da aka bayyana matsala da ita kan sa amsarta ta fito.

8.0 Mai da Ruwa

Wannan zargi ya faɗa har a kan gidan da shi kansa ya gina. A wata maƙala ta 1967 ya ɗauki makarantar kasuwanci a matsayin matsalar zayyana. Ya nuna cewa tana shan ruwa daga rijiya biyu, ilimin masana da ilimin masu sana'a, kuma haɗa su kamar gauraya mai da ruwa ne: da zarar an daina motsawa sai kowanne ya ware. A Carnegie abin da ya faru ke nan. Masana tattalin arzikin makarantar sun ƙara rungumar ra'in cikakken hankali, wanda Simon ya shafe shekaru yana rushewa. A can ne John Muth ya fitar da ra'in hasashe na hankali a 1961, a can kuma Robert Lucas ya bunƙasa shi. Zuwa farkon shekarun 1970 Simon ya riga ya mayar da ofishinsa sashen nazarin halayyar ɗan'adam, ko da yake bai bar jami'ar ba, wadda ta koma Jami'ar Carnegie Mellon a 1967. Tsarin da ya taimaka aka yaɗa ya ba makarantun kasuwanci darajar da suke nema, amma ya ƙara nisanta su da koyar da ƙirƙirar mafita.

9.0 Masu Suka da Magada

Ra'ayinsa bai tsira daga suka ba. A 1973 Horst Rittel da Melvin Webber suka nuna cewa matsalolin tsara birane da manufofin jama'a ba su da tsayayyar siffa, domin mutane ba su ma yarda a kan mene ne matsalar ba. A shekarar ce Simon ya fitar da maƙala a kan matsaloli marasa tsari, inda ya yi misali da mai zanen gida, ya nuna yadda yake yanyanka babbar matsala zuwa ƙanana masu tsari. A 1983 Donald Schön, a littafinsa The Reflective Practitioner, ya ce wannan hoto bai kama yadda gwani yake aiki ba. A wurinsa mai zayyana yana gwadawa, aikin ya ba shi amsa, ya sake fasalta matsalar tun daga tushe. A Ingila kuma Bruce Archer da Nigel Cross sun tafi a kan cewa zayyana hanyar sani ce mai zaman kanta, ta uku bayan kimiyya da adabi, wadda ya kamata kowane ɗan makaranta ya samu. Duk da saɓanin, dukkansu sun yarda da Simon a kan cewa basirar zayyana abar bincike ce.

A fagen koyarwa, shi da Zhu Xinming sun gwada koyar da lissafi a makarantun ƙasar Sin ta hanyar misalan da aka warware da kuma aikin hannu, ba tare da dogon bayanin malami ba. Rahotonsu na 1987 ya nuna ɗalibai sun kammala manhajar shekara uku cikin biyu. A fagen kasuwanci, ɗalibarsa Saras Sarasvathy ta yi amfani da dabarar faɗin tunani a kan gogaggun 'yan kasuwa 27, ta gano cewa sukan fara da abin da ke hannunsu, manufa ta biyo baya. A 2004 Richard Boland da Fred Collopy suka fitar da Managing as Designing, wanda ya sake ɗaga kiran Simon ga makarantun gudanarwa.

10.0 Ƙarshen Rayuwa

Simon da Newell sun sami kyautar Turing a 1975. Kyautar Nobel ta zo a 1978 saboda bincikensa a kan yanke shawara a ƙungiyoyin tattalin arziki, sai lambar kimiyya ta ƙasar Amurka a 1986. Ya wallafa tarihin rayuwarsa, Models of My Life, a 1991. Ya zauna a Pittsburgh fiye da shekara 50, yana takawa da ƙafa daga gida zuwa ofis, yana koyarwa har ƙarshen ransa. Ya rasu ranar 9 ga watan Fabrairu, 2001, yana da shekara 84, bayan tiyatar da aka yi masa don cire ƙari a ciki. Matarsa Dorothea ta rasu a shekarar da ta biyo baya.

11.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tambaya ɗaya ce ta ɗaure rayuwar Simon tun daga filayen wasan Milwaukee har zuwa ɗakin kwamfuta: yaya mutum mai iyakantaccen hankali yake samar da mafitar da babu ita a gabansa? Ya amsa da cewa akwai matakai da za a iya gani, a rubuta, a koyar, ya kuma samar da dabarar ganin su. Manhajar da ya zana ba ta samu karɓuwa yadda ya so ba, masu suka kuma sun nuna cewa fasalta matsala ya fi wuya fiye da yadda ya ɗauka. Sai dai gargaɗinsa na 1967 bai tsufa ba. Duk tsangayar da ke horar da masu yin abu, injiniyoyi ne ko manajoji ko malamai ko marubuta, tana fuskantar jarabar ta koyar da feɗe abin da aka riga aka yi, ta bar koyar da yin sabo, saboda na farkon ya fi saurin kawo ƙarin girma a jami'a. Abin da Simon ya nema shi ne a riƙe biyun tare, kuma ya nuna daga abin da ya faru a makarantarsa cewa wannan aiki ne da sai an riƙa sabunta shi a kowane zamani.